An yanke kuɗin ilimi, to ya hedimasta zai riƙe makarantarsa?

Ba kasafai ake turo wa shugaban makaranta takarda a ce masa ga shi an rage kuɗin ilimi ba. Kawai dai zai ga alli bai zo ba, malamin da ya yi ritaya ba a turo madadinsa ba, kuɗin gudanarwa na zango na ɗaya har an shiga zango na biyu shiru kake ji, rufin ajin da iska ta yaye kuma an ce a jira. A can sama ana maganar kashi kaza cikin ɗari, shi kuma a ƙasa yara yake gani a zaune ba malami. Wannan rubutu na shugabannin makarantun firamare ne da mataimakansu, maza da mata, da duk wanda ke cikin kwamitin makaranta, kuma abin da nake so mu duba shi ne me mutum zai yi da hannunsa tun daga ranar da ya fahimci kuɗi sun ragu.

Kafin nan bari in faɗi dalilin da ya sa shugabannin makarantu ke jin zafin yankan fiye da yadda masu kasafi ke zato. A yawancin ƙasashe albashi ne ke cinye mafi yawan kuɗin ilimi na yau da kullum, kuma albashi ba a iya taɓa shi da sauƙi. To a ce cikin kowane 100 albashi ya ɗauki 90, saura 10 su ne na littattafai da alli da gyara da ruwa da horar da malamai. Idan aka ce an rage kashi 5 kacal daga kasafin gaba ɗaya, mai sauraron labarai zai ce ai ba yawa, amma tunda ba daga albashi za a cire ba, rabin wancan 10 ɗin ne ya tafi. Rabin duk abin da kake gudanar da makaranta da shi kenan fa. Shi ya sa in ka ji hedimasta na kuka kan ragin da ake ganin ƙarami ne, gaskiyarsa ce. Kuma abin ba na ƙasa ɗaya ba ne, a 2021 Bankin Duniya da UNESCO sun fitar da rahoto cewa kusan biyu cikin uku na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi sun rage kasafin iliminsu bayan ɓarkewar korona.

Fara da gano wane irin yanka ne

Domin ba iri ɗaya ba ne, kuma maganinsu daban-daban. Akwai wanda aka rage tun a takardar kasafi. Akwai wanda majalisa ta amince da kuɗin cif amma ba a sake su ba, wannan shi ya fi yawa kuma shi ya fi ruɗa mutane, don a takarda komai lafiya lau. Akwai wanda kuɗin na zuwa amma a makare, sai an kusa jarabawa. Akwai dakatar da ɗaukar sabbin malamai, wanda ba ka jin sa yau, sai bayan shekara biyu ka waiga ka ga malamai uku sun tafi ba wanda ya shigo. Wani lokacin ma guraben ake sokewa kai tsaye, kamar yadda lardin Western Cape na Afirka ta Kudu ya sanar a 2024 cewa zai rage guraben malamai sama da 2,400 saboda giɓin kasafi. Sannan akwai na ɓoye, adadin kuɗin na nan yadda yake bara, amma kaya sun yi tsada yara kuma sun ƙaru.

Ka je ofishin ilimi na yankinku ka tambaya cikin ladabi, nawa aka ware wa makarantarmu bana, nawa aka saki, yaushe ake sa ran sauran. Ka nemi a ba ka a rubuce, in ba a ba ka ba kai ka rubuta abin da aka gaya maka da kwanan wata da muƙamin wanda ya faɗa, ka ajiye a fayil. In jinkiri ne, tsarin lallaɓawa za ka yi na 'yan watanni. In kuwa an rage ne na dindindin to dole ka sake tsara shekarar gaba ɗaya, kar ka zauna kana jiran abin da ba zai zo ba.

Ka ƙirga abin da ke hannunka

Mutane na fara ƙirga kuɗi, ni kuwa ina ganin a fara ƙirga awannin malamai, don shi ne dukiyar makaranta ta gaske kuma shi ne wanda ke hannunka. Ɗauki takarda ka jera sunan kowane malami, darasi nawa yake shiga a mako, wane aji. Za ka sha mamaki, sau da yawa sai ka tarar wani na ɗauke da darasi talatin wani kuma sha biyu, wani an ajiye shi a ofis yana cike fom alhali aji biyu ba kowa. Kai kanka Malam ka sa sunanka a jerin, in malamai sun yi ƙaranci shugaba ma ya ɗauki alli ya shiga aji, ko da darasi ɗaya ne a rana, malamai na ganin haka za su rage gunaguni.

Daga nan ka buɗe sito. Littattafai nawa ne a ɗaure a kwali tun shekarun baya ana tsoron kar yara su yaga? Fito da su. Littafin da ya yage a hannun yaro ya yi aikinsa, wanda gara ta ci a sito asara ce tsantsa. Ka ƙirga benci, waɗanda ƙusa biyu kawai suke nema a ware su gefe, ka duba allunan da suka koɗe har yaron baya ba ya ganin rubutu.

Ka kare ƙananan azuzuwa, ko me zai faru

Nan ne zan daɗe, domin nan ne aka fi yin kuskure. Da zarar malamai sun yi ƙaranci abin da yawancin shugabanni ke yi shi ne su kwashe ƙwararrun su kai ajin ƙarshe saboda jarabawar fita, tunda da sakamakonta ake auna makaranta, sai a bar aji ɗaya da biyu da uku a hannun duk wanda ya rage, ko a haɗe su a ɗaki guda a ce wani babban yaro ya tsare su kar su yi surutu. Na fahimci matsin da ke sa a yi haka, amma wallahi cutar da ake yi wa yaran nan babba ce. Yaron da ya wuce aji uku bai iya karatu ba duk sauran darussan da za a yi masa sama-sama za su riƙa wucewa, yana kwafar rubutu daga allo bai san me ya rubuta ba, har ya gaji ya daina zuwa. Ƙiyasin da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta. To in haka abin yake tun kafin a yanke kuɗi, ina ga an yanke.

Saboda haka malamin da ya fi kowa haƙuri da iya koyar da karatu, ajin farko ko na biyu za ka ba shi, ka kuma faɗa masa a gaban sauran malamai cewa don ka yarda da shi ne, saboda wasu na ɗaukar tura su ƙaramin aji kamar rage musu daraja. Awa ta farko da ta biyu na kowace rana a ba karatu da lissafi, lokacin da kan yara ke sanye. In dole sai an rage wani abu a jadawali, a rage daga wasu darussan, waɗannan biyun kar a taɓa su.

Akwai wata hanya da ba ta cin kuɗi sosai wadda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da ita, an kuma gwada ta a ƙasashen Afirka irin su Zambiya, wato koyar da yaro daidai matakin da yake. Ga yadda za ka yi. Ka rubuta kati ɗaya, a sama haruffa, ƙasansu kalmomi masu sauƙi, sai 'yan jimloli huɗu, sai ɗan labari gajere, da harshen da yaran suka fi ji. Malami ya zauna da yaro ɗaya-ɗaya, ba a gaban aji ba don kar ya ji kunya, ya nuna masa jimlolin ya ce karanta min. In ya karanta a haura da shi labari, in ya tsaya yana kallon takarda a sauko da shi kalmomi, in nan ma ya kasa a koma haruffa. Minti biyar ya isa yaro guda. A rubuta inda kowa ya tsaya. Sai a ware awa ɗaya kullum a raba yaran aji uku zuwa biyar bisa matakinsu, masu haruffa wuri ɗaya, masu kalmomi wuri ɗaya, ba ruwanka da ajin da yaro yake. Bayan wata ɗaya da rabi ko biyu a sake gwadawa, wanda ya ci gaba a matsar da shi. Takardar da ka rubuta sakamakon nan a kai ka adana ta da kyau, za ta yi maka amfani a gaba in ka tashi rubuta wa na sama.

Abin da za a iya yankewa

Wannan ba sai na ja ba. Bikin yaye ɗalibai mai rumfa da lasifika, fentin bangon gaba don baƙi, sabon labule da kujerar ofis, buga takardun gwajin mako-mako da za a iya rubutawa a allo, yawan zirga-zirga zuwa ofis kan abin da waya za ta iya yi. Duk su jira. Abin da ba zai jira ba shi ne ruwan sha, banɗaki mai ƙofa, da gini mai haɗari. In bango ya tsage ko rufi na lilo fitar da yaran yau ɗin nan, gara inuwar bishiya. Banɗaki kuma kar a raina shi, 'yan mata da suka fara girma in ba wurin da za su kewaya a rufe sukan fara fashin zuwa, daga fashi sai dainawa, kuma gyaran ƙofa da sakata bai kai kuɗin biki ɗaya ba.

Maganar iyaye

Hanya mafi sauƙi in kuɗi sun yanke ita ce a juya kan iyaye, kuɗin jarabawa, kuɗin alli, kuɗin tsintsiya, kuɗin kati, kowanne ɗan kaɗan. Ina roƙonka ka yi taka-tsantsan a nan. Ɗan kaɗan ɗin nan shi ke korar 'ya'yan talakawa, kuma an ga shaidar haka ƙarara. Lokacin da Malawi ta soke kuɗin makarantar firamare a 1994 yawan ɗalibai ya tashi daga kusan miliyan 1.9 zuwa kusan miliyan 3. Uganda ta yi a 1997, daga kusan miliyan 3 suka haura miliyan 5. Kenya ta yi a 2003 yara sama da miliyan ɗaya suka ƙaru. Yaran nan da ma suna nan a gida, kuɗin ne ya tare su. To duk harajin da ka ƙirƙiro, komai ƙanƙantarsa, ƙofar kake sake turawa a fuskar wasu. Kuma a ƙasashe da yawa doka ma ta hana, ka san dokar ƙasarku kafin ka jefa kanka cikin matsala.

Ba ina cewa kar a nemi taimakon iyaye ba ne. A kira taro, a gaya musu gaskiyar halin da ake ciki da alƙaluma, a ce ga abin da ake buƙata, mai iya bayarwa ya bayar don ransa. Wani ba shi da kuɗi amma kafinta ne, yini ɗaya zai gyara maka benci ashirin. Wata ta yi karatu tana zaune a gida, za ta iya zuwa awa ɗaya ta zauna da rukunin masu haruffa. Tsofaffin ɗalibai ma a neme su, amma ka je musu da abu ɗaya takamaimai, rufin aji kaza, kwano kaza ake nema, ya fi a ce musu a taimaka wa makaranta kawai. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa, ba a korar yaro daga aji ko a hana shi jarabawa don iyayensa ba su kawo komai ba, kuma ba a karanta sunayen waɗanda ba su bayar ba a gaban taro.

Ka manna lissafi a bango

Duk kuɗin da ya shigo makaranta, daga gwamnati ne ko gudummawa, ka rubuta a babbar takarda: ranar da ya zo, nawa ne, me aka saya, nawa ya rage. Ka sa hannu, shugaban kwamiti ya sa, a manna a inda kowa zai gani, rasidai kuma a fayil. Wasu na ganin kamar tona asirin ofis ne, alhali kai yake karewa, don lokacin da abubuwa suka fara ƙaranci zargi kan hedimasta yake fara sauka, a ce shi ya cinye.

Kuma abin na aiki har sama. A Uganda an bi sawun kuɗin gudanarwa da gwamnati ke tura wa makarantun firamare tsakanin 1991 da 1995, aka gano kusan kashi 13 cikin ɗari ne kawai ke isa makarantu, sauran na maƙalewa a hanya. Sai gwamnati ta fara buga adadin da ta tura wa kowace gunduma a jaridu, aka ce makarantu su ma su manna nasu. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. Kenan wani lokacin abin da kake zaton yankan kasafi ne, a hanya kuɗin ya tsaya, kuma ba za ka sani ba sai ka san nawa aka turo tun daga tushe.

Malamanka

Su ne za su ɗauki nauyin duk wannan, to kar su ji labari a bakin waje. Ka tara su ka baje musu takardar awannin nan, ku raba aikin tare kowa na gani, a daina raba darasi ta son rai. In albashi na makara kar ka riƙa yi musu barazana da takardar tuhuma kan kowane ƙaramin abu, amma kuma kar ka kawar da kai daga fashi, ka riƙe rajistar zuwa da gaskiya kai ma kana sa hannu a kan lokaci. Wanda ke da uzuri na gaske a sake masa jadawali, ya fi ya ɓace kwana uku ba labari.

In dole ta sa a haɗa aji biyu a hannun malami ɗaya, a haɗa maƙwabta, huɗu da biyar misali, a zaunar da su ɓangare biyu, yana koyar da waɗannan waɗancan na aikin da ya ba su. Ajin farko kam a bar shi shi kaɗai in da hali. Raba makaranta safe da yamma yana rage cunkoso amma yana cin awannin karatu, malami kuma ya gaji ninki biyu, don haka sai in ba wata mafita. Masu sa kai kuma a karɓe su hannu biyu, sai dai kar a damƙa musu aji su kaɗai ba mai dubawa, kuma kar ka yi musu alkawarin ɗauka aiki alhali ba a hannunka yake ba. Makarantar da ke kusa da ku ma ku yi magana, in suna da malamin lissafi biyu ku ba ku da ko ɗaya, ku nemi izinin ofis a riƙa aro kwana biyu a mako.

Yadda za ka kai kuka sama a saurare ka

Lallaɓawar da muke ta faɗa ba tana nufin a yi shiru ba. Haɗarin shugaba mai dabara shi ne na sama su ga makaranta na tafiya su ce ashe ma kuɗin sun isa. Don haka duk zango ka rubuta takarda shafi ɗaya, kar ta wuce haka. Ban da dogon yabo, ban da zagi. Yara nawa ne a rajista, malamai nawa bara nawa bana, darasi nawa ne a mako ba mai shiga, yara nawa ne a aji uku ba su wuce haruffa ba, yara nawa suka daina zuwa. Sai buƙata ɗaya ko biyu, mafi muhimmanci. Jami'in da ke da takardu ɗari a tebur wadda ke da lamba da buƙata bayyananniya ita zai iya ɗauka ya shiga da ita wurin maigidansa.

Kuma kar ka tafi kai kaɗai, don ma'aikacin gwamnati in ya cika ƙorafi shi ɗaya sauyin wurin aiki ke biyo baya. Ku haɗu ta ƙungiyar shugabannin makarantu ku haɗa alƙalumanku wuri guda, kwamitin makaranta da ƙungiyar iyaye su kai wa 'yan majalisa da kansilolinsu, su suna da bakin da kai ba ka da shi. Ku lura da lokaci, a kai kuka ana cikin shirya kasafin baɗi, in an riga an sa hannu sai dai a jira wata shekara. Kuna da abin kafa hujja ma, a taron Incheon na Koriya ta Kudu a 2015 ƙasashen duniya sun amince a riƙa ware wa ilimi kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin da gwamnati ke kashewa, ko kashi 4 zuwa 6 na ƙarfin tattalin arziƙin ƙasa. Ku nemo na ƙasarku ko jiharku ku ajiye kusa da wannan. Ku kuma bincika ko akwai kuɗin da ke ajiye ba a ɗauka ba, a Najeriya misali dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa, kuma an sha samun jihohin da suka bar nasu na shekaru a UBEC, hukumar tarayya mai kula da ilimin bai-ɗaya. Irin wannan tambayar kwamitin iyaye na da cikakken haƙƙin yin ta.

Abu na ƙarshe, rajista. A wurare da yawa da yawan ɗalibai ake lissafa kuɗin gudanarwa da littattafai da adadin malaman da za a turo, to duk lokacin ƙidayar makarantu ka cike fom ɗin da kanka ko ka zauna kusa da mai cikewa, ka tabbata ba a bar yaro ko ɗaya ba, musamman waɗanda suka shigo a tsakiyar shekara. Kar kuma ka ƙara ko mutum ɗaya na bogi don a ƙaro kuɗi, ranar da sufeto ya zo ya ƙirga kawuna ya ga ba su kai ba, duk sauran alƙaluman da ka rubuta a takardunka na baya ba wanda zai sake yarda da su. Ka ajiye kwafin fom ɗin a fayil ɗaya da takardun kuɗi da sakamakon gwajin karatu, ka nuna wa mataimakinka inda yake.